Kiɗan da ba ya numfashi: abin da na gani a ƙofar gidanmu a Talladjé

Na san wasu da sun ga kan rubutun nan za su ce, "Yo mu da ke fama da kuɗin haya da tsadar buhun shinkafa, ina ruwanmu da zancen kiɗa?" Gaskiyarku. Amma ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci. Abin da na gani a ƙofar gidanmu kwanakin baya ya hana ni sakat, kuma ya shafi duk wanda yake da ɗa ko ƙane da ke kwana gaban kwamfuta yana haɗa sauti. Irin waɗannan yara kuwa a unguwar nan ba kaɗan ba ne.

Ɗan ƙanwata yana kaɗa piyano a wani ɗan orkes, da rana kuma yana koya wa yara waƙa a wata lekol mai zaman kanta. Ya ɗan karanci rubutun kiɗa irin na nasara, wanda suke ce wa solfej, mai layuka biyar da ɗige-ɗige a kai. Da bikin ƙarshen shekara ya matso sai ya ce bana waƙar gida yaran za su yi. Ya je wurin wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin wajen Arewa, wanda ya yi shekaru yana kiɗan kalangu kafin ƙarfi ya ja baya, ya roƙe shi ya kaɗa masa wani tsohon kiɗan noma. Ya ɗauka da salula, ya yi mako biyu yana zuba shi a kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo. Ran da ya gama, bayan isha'i, ya fito da kwamfutar fada, ya haɗa da ƴar bafal, aka kira tsohon aka ba shi kujera, ana zuba shayi.

Kiɗa ya tashi. Samari suka fara gyaɗa kai. Tsoho ya sunkuya yana saurare, bai ce uffan ba har aka kai ƙarshe. Yaron ya ce, "Baba, yaya ka ji? Na kuskure wani wuri?" Sai ya ce, "A'a ɗana, hanya dai ita ce, ba ka ɓace ba. Amma wa ya ɓata ma makaɗin nan rai?" Aka bushe da dariya. Shi ko bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun da ya fara har ya ƙare duka yake, bai duba kowa ba. Wanga kiɗi ba shi lumfashi. In haka na kaɗa a gona, wa zai ji abin da mai waƙa ke faɗi?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don tsohon ya taɓo abin da na daɗe ina ji ban san yadda zan faɗe shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin gaske ya san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In jagora zai saka magana mai nauyi, ko zai ambaci uban wani da kakansa, makaɗa sai su danne hannu, kiɗa ya koma ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa, har na bayan taro ya ji kowace kalma. Da ƴan amshi sun karɓa sai a saki hannu, wuri ya ɗauka. Wannan saukar da hawan shi ne ke sa tsigar jiki ta tashi. Mai goge ya san haka, mai gurmi ya sani, matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki sun sani. Ba wanda ya rubuta musu. A kunne suka tashi da shi.

Washegari yaron ya zo mini rai a ɓace. Ya ce, "Kawu, wallahi na sa alamomin, ban san inda suka shiga ba." Muka zauna tare ya buɗe aikin, nan na fara fahimtar abin da yake nufi, kuma shi nake so in ɗan warware wa waɗanda ba su sani ba.

A rubutun kiɗa na Turai, ɗigon da ke kan layi yana gaya maka wane sauti za ka kaɗa da tsawon lokacin da za ka riƙe shi. Ƙarfin hannu kuwa da wasu ƙananan haruffa ake nuna shi a ƙarƙashin layin, kuma daga harshen Italiya suka fito. Harafin p yana nufin piano, wato a sassauta. Harafin f yana nufin forte, wato da ƙarfi. In an ninka, pp ko ff, an ƙara matsawa ke nan. Akwai mp da mf na tsaka-tsaki. Akwai kuma wata alama mai kama da bakin almakashi: in ta buɗe gaba, sauti ya dinga hawa sannu-sannu, in ta tsuke, ya dinga sauka. Su ma Turawan ba da ita suka faro ba. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta kiɗa ba tare da waɗannan alamomi ba. Cikin na farko-farkon da suka rubuta su akwai Giovanni Gabrieli na birnin Banis, a wani kiɗa da aka buga a 1597. Shi kansa piyanon da yaranmu ke kaɗawa daga nan ya samo suna, domin wajen shekarar 1700 wani maƙeri ɗan Italiya, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera kayan kiɗan da ke iya sassautawa da ƙarfafawa gwargwadon nauyin yatsa, aka kira shi mai piano da forte. Har akwai wani gwanin Rasha, Tchaikovsky, da ya jera p shida a wuri ɗaya a kiɗansa na 1893, don dai mai busa ya gane cewa numfashi kawai ake so a ji. Ka ga mutanen da suka ɗauki abin da muhimmanci.

To yanzu wannan rubutu ya koma cikin manhajoji. Akwai Sibelius, akwai Dorico, akwai MuseScore wadda kyauta ce, shi ya sa ita ta fi yawa a hannun yaranmu. Kana zuba ɗigo, kwamfuta tana kaɗa maka abin da ka rubuta. Sauƙi ya samu ƙwarai. Sai dai alamomin ƙarfin nan su ne suka fi komai saurin sulalewa, kuma da idona na ga yadda abin yake faruwa.

Da farko, kowace alama a jikin wani ɗigo ko wata gaɓa take rataye. In ka goge gaɓar don ka gyara kuskure, alamar ta tafi tare da ita ba sallama. Yaron nan ya gyara baiti na biyu sau uku, bai lura cewa duk lokacin da ya goge yana zubar da abin da tsoho ya nuna masa ba. Na biyu, akwai bambanci tsakanin alamar da kwamfuta ta sani da rubutun da ka buga da hannunka. Ya rubuta "doucement" a saman layi a matsayin rubutu kawai. Ido na gani, amma na'ura ba ta karanta shi, ta wuce abinta da ƙarfin da take kai. Na uku, ya ja alamar hawa bai sa inda za ta tsaya ba. Ka ce wa mutum "hau" ba ka ce masa iya ina ba. Na huɗu, ya sa alamar a layin kalangu ya manta layin sarewa da na muryar yara, ɗaya na sauka sauran na tsaye. Na biyar shi ne babba. Ya kwashi aikin a siffar da ake ce wa MIDI ya kai ɗakin haɗa sauti na wani abokinsa, suka taɓa nan suka taɓa can, ya dawo da shi. A wannan siffa babu harafin p babu f. Lambobi ne zalla. Da ya sake buɗewa, ɗige-ɗigen na nan, amma abin da ya rubuta da hannunsa ya bi ruwa. Laifin ba na kowa ba ne sai rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Bari in tsaya kan lambobin nan, don a nan yawancin yaranmu suke, ko da ba su san solfej ba. Tsarin MIDI tun 1983 yake, kuma shi ne harshen da piyano na lantarki da kwamfuta ke magana da juna. A cikinsa ana auna ƙarfin kowane bugu da lamba daga 0 zuwa 127. In mutum ya kaɗa da yatsunsa a piyano mai jin nauyin hannu, kowane bugu da lambarsa, wani 60 wani 95. In ko da linzamin kwamfuta ya zana su, kamar yadda ake yi a FL Studio da ire-irenta, duk da ƙarfi ɗaya suke fitowa sai in ya koma ya bi su ya gyara. Wa ke da wannan haƙurin, alhali mai biki na jiran waƙarsa gobe da safe, kuma ba a san lokacin da kuran zai ɗauke ba? Sai a bar su haka. Shi ne makaɗin da aka ɓata wa rai.

Wani zai ce ai sai a rage murya a wurin da ake so. Ba ɗaya ba ne. In ka taɓa fatar kalangu da sauƙi, sautin da ke fita daban yake da na wanda ka maka wa sanda sannan ka rage ƙarar rediyo. Na farko taushi gare shi, na biyu duka ne da aka jiyo daga nesa. Kunnen tsoho ya san bambancin ko yana barci.

Kada a ce ina yaƙi da na'ura. Mu a Yamai ba baƙin wannan harka ba ne. Mamman Sani Abdoulaye ya ɗauki kiɗansa na ogan tun 1978, kuma waɗanda suka girma da rediyo da telebijin na ƙasa sun sha jin sautinsa tsakanin shirye-shirye. Hama, wanda shi ma a nan garin yake, da kwamfuta ya haɗa faifansa Houmeissa da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2019, duniya ta saurara. Na'ura jaki ce, abin da ka ɗora mata shi take kaiwa. Damuwata ita ce mun daina ɗora mata wani kaya mai daraja, har mun fara mantawa da cewa muna da shi.

Kuma akwai abin da ke ƙara tura mu. Yau a salula ake jin waƙa, cikin ƙarar kabu-kabu da manyan motocin da ke bin hanyar filin jirgi. Mai haɗa sauti ya san in ya bar wuri mai sanyi a waƙa, a bakin titi ba za a ji shi ba, sai ya matse komai ya ɗaga shi sama. A gidan biki kuma mai sono gani yake in ba a jiyo shi daga unguwa ta uku ba, bai ci kuɗinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da miliyar 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraren sauti. Abin dariyar ma shi ne, Spotify da YouTube da kansu suke rage wa waƙar da aka cika wa ƙara, su daidaita ta da sauran. Wato ka kashe numfashin waƙarka a banza, ba ka fi kowa ƙara ba. Hausawa dai sun ce in ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Ga misalin da ya fi zauna mini. Ku dubi wannan rubutun boko da kuke karantawa. In na rubuta "kuka", ba abin da ya nuna ko ta miya nake nufi ko na hawaye. In na rubuta "gari", ko na tuwo ko na sarki. Ba mu sa alamar karin sauti, amma ba mu ruɗewa, saboda da harshen muka tashi, kunnenmu ke cike giɓin. Ba wa baƙo ya karanta ka ji yadda zai kwaɓa. To haka rubutun kiɗa yake in babu alamar ƙarfi. Wanda ya tashi yana jin kalangu a gona da gidan suna zai duba takarda ya san inda zai sassauta ko ba a rubuta ba. Kwamfuta baƙuwa ce, ba ta taɓa zuwa gona ba. Abin tsoron shi ne yaran da ake haifa yau a Talladjé su ma suna neman zama baƙi. Da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban mai kalangu ba, abin da ke fita daga bafal shi ne kiɗa a wurinsu. In abin da muka ajiye musu duka ne daga farko har ƙarshe, za su ɗauka haka kakanninsu suka yi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fada. "Shata ya karanta solfej? Ɗan Gurmu na Tawa ya san wani p da f? Wannan kayan nasara ne, namu a ka yake." Haka ne, ba su karanta ba, kuma ba su bukata. Amma su a zamaninsu yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa kayan kiɗa, yana amshi, yana kallon hannu, kafin a bar shi ya taɓa fata. Wannan makarantar ita ce takardarsu. Ina take yau? Ɗiyan makaɗa nawa ne suka gaji iyayensu? Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. A nan gida mun ga abin da ya kusa faruwa da biram, kayan kiɗan nan mai tsarkiya biyar na Buduma masunta a tafkin Cadi. Sai da ya rage a hannun tsoho ɗaya, Bukar Tar, sannan Malam Maman Barka ya tashi a 2002 ya je ya zauna gabansa ya koya, ya kai biram har Turai. Shi ma Allah ya karɓi abinsa a 2018. Abin da ke ka kaɗai, ran da kan ya kwanta ya tafi da shi.

Wasu kuma suka ce ai akwai kaset, akwai bidiyo, me za a yi da takarda? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ma ina cewa a ɗauka, a yi ta ɗauka. Muna da taskoki: Muryar Sahel na da tsofaffin faya-fayai, cibiyar CELHTO da ke nan Yamai tun 1968 aikinta ke nan tattara abin da aka gada da baki. A Najeriya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuce baitocin makaɗa masu yawa a littattafai, Allah ya saka masa. Sai dai ku lura, kalmomi mun rubuta, tarihin mawaƙa mun rubuta, sunayen kayan kiɗa an tattara. Hannun makaɗi fa? Faifai yana nuna maka abin da ya faru rana ɗaya, a gaban taro ɗaya, ta bakin makirfo ɗaya. Salula ma takan daidaita ƙarar da kanta lokacin ɗauka, ta ɗaga na ƙasa ta danne na sama. Kuma faifai ba zai gaya maka dalili ba. Za ka ji an sassauta, ba za ka san don an ambaci mamaci ne ko don makaɗi ya gaji ba.

Magana ta uku ita ce ta fi ba ni wuya, kuma wani malamin lekol ne ya kawo ta. Ya ce rubutu yana daskarar da abu. Makaɗinmu taro yake kallo. In mai gayya ya shigo fili ya ƙara wuta, in dattijo ya miƙe zai yi magana ya sauke. In ka rubuta cewa a gaɓa ta 12 a sassauta, ka ɗaure masa hannu, ka mai da shi ɗan fareti. Na yarda da shi rabi. Gaskiya ne in muka kwafo tsarin Turai yadda yake, za mu yi asarar wani abu. Amma maganin wannan shi ne mu rubuta dalilin tare da alamar. A maimakon p tsurarta, a rubuta "a danne hannu in jagora ya shiga kirari", ko "a saki bayan amshi na biyu". Duk manhajojin nan suna ba ka damar sa alamar da na'ura ke ji, ka kuma ƙara rubutun da mutum zai karanta a gefenta. Ɗaya don kwamfuta, ɗaya don yaron da zai zo bayan shekara 30.

Kuma da harshenmu. Ba dole sai Italiyanci ba. Schumann da Mahler da Jamusanci suka rubuta umarni da yawa a kiɗansu, Debussy da Faransanci, ba wanda ya ce sun yi laifi. Tun da a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ga wani ɗan fili da za a nuna abin a aikace. Sai dai akwai aiki, don na gwada na gani. In ka rubuta "a hankali", wani zai rage gudu, wani zai rage ƙarfi, kowa kuma yana da gaskiya. Dole a zauna a tsai da kalmomi: wacce ce ta gudu, wacce ce ta nauyin hannu. Tsohon namu "danne" da "saki" yake cewa, in ana so a hau sannu-sannu ya ce "ɗora". Na tabbata makaɗan Damagaram da na Gobir suna da nasu, na Zabarmawa da masu tende da imzad na Abzin ma haka. A tambaye su tun suna raye, kada mu zauna a ofis mu ƙirƙiro musu.

Wa zai yi? Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tun 1989, da ɗakinta na kayan kiɗan gargajiya, kuma ta fitar da gwanaye. Muna da jami'ar Abdu Mumuni. Muna da masu fanfar na soja da mawaƙan coci waɗanda kullum da takardar kiɗa suke aiki, sun san ciwon alamar da ta ɓace. Ina roƙon waɗannan su haɗa kai su fitar da ƴar takarda ko shafi biyu ce, mai ɗauke da alamomin ƙarfi da fassararsu da Hausa da Zabarmanci, a raba wa ɗakunan haɗa sauti da malaman lekol. Ba abin da zai ci miliyoyi ba ne. Masu shirya gasa irin ta Ɗan Gurmu kuma su sa wannan cikin abin da alƙalai ke ba maki. Da yara sun ji akwai maki a ciki, za ku ga sun koya cikin wata ɗaya.

Ku kuma samari masu kwamfuta, ga abin da na koya daga wahalar ɗan ƙanwata, kyauta na ba ku. Kafin ka buɗe na'ura, saurari tsohon da fensir a hannu, ka rubuta a takarda inda ya sauka da inda ya hau, ka tambaye shi dalili. Ka gama zuba ɗige-ɗige da gyare-gyare tukuna, sannan ka sa alamomin ƙarfi a ƙarshe, don kada gyara ya cinye su. Ka bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsaya ga na sama. Duk alamar hawa ko sauka, ka sa mata inda ta taso da inda za ta tsaya. In ka ciro wa kowane makaɗi takardarsa daban, ka duba ko alamomin sun biyo shi. In za ka kai aiki wata manhajar rubutu, ka kai shi a siffar MusicXML, ita ce ke riƙe alamomi, MIDI kuwa ka bar shi don sauti. Sannan ka rufe ido ka saurara. In tun daga farko har ƙarshe ba inda ka ji kana so ka matso kusa da bafal, to akwai abin da ya ɓace.

Ka kuma buga a takarda ka ajiye. Wannan kada ka yi wasa da shi. Manhajar Finale ta yi shekara 35 tana cikin manyan da duniya ke rubuta kiɗa da su, amma a watan Agusta na 2024 masu ita suka sanar cewa sun daina ci gaba da ita, mutane suka shiga rububin kwashe ayyukansu zuwa wasu wurare. In haka ta faru da masu kuɗi a Amurka da Turai, ina ga mai tsohuwar kwamfuta a Talladjé, ga ƙura ga zafin watan Afrilu? Takarda a cikin akwati ba ta neman kuran.

Yaron dai ya koma wurin tsohon. Kwana uku suna zama bayan la'asar, tsoho na kaɗawa a gwiwarsa da tafin hannu, yaro na rubutu. Wani wuri ya ce masa, "Nan ka danne, don nan ne mai waƙa ke kiran sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ba a yi ma mamaci ihu." Wannan ba ya cikin kowace manhaja. Yanzu yana cikin takardar yaron, da Hausa, a ƙarƙashin ƙaramin p.

Ran bikin na je. Yara wajen talatin, masu ƙananan ganguna huɗu. Ba zan ce sun yi abin a zo a gani ba, yara ne, wasu sun riga wasu shiga. Amma da aka zo wurin nan, gangunan suka sauka, muryoyin suka yi ƙasa, sai na ga iyaye mata da ke ta hira a baya sun yi tsit, wata ma ta sauke salular da take ɗauka da ita. Tsoho yana gefena da sandarsa. Bai tafa ba. Ya dai ce, "To, yanzu ya yi lumfashi."

Saura ku jama'a. A unguwarku akwai tsohon makaɗi ko tsohuwar mai kiɗan ƙwarya da har yanzu ke da rai? Wace kalma suke faɗa in suna so a sassauta, wace kuma in suna so a ƙara? Ku rubuto a ƙasa, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak, ku faɗi garin da kalmar ta fito. In sun taru zan haɗa su wuri ɗaya in miƙa wa malaman kiɗa. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, fili nasa ne, a yi gardama cikin mutunci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba waɗanda suka rage lafiya da nisan kwana.